Wace hanya ake bi a zama mai harhaɗa magunguna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala sakandare a ɓangaren kimiyya, ina son in karanta famasi, amma kaina ya ɗaure. Wani ya ce B.Pharm (digirin farko na famasi), wani ya ce PharmD (digirin dakta na sana'ar famasi), wata kuma ta ce in fara da difloma don ta fi sauƙi. Yayana yana da digiri a bayokemistiri, an ce masa idan ya yi digiri na biyu a famakoloji shi ke nan ya zama famasis. Shekara nawa ake yi, wace ce sahihiyar hanya, kuma idan na yi karatu a wata ƙasa zan iya aiki a wata?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayoyinki suna da yawa amma tushensu ɗaya ne, don haka bari in fara da tushen. Jami'a ba ta mayar da kowa mai harhaɗa magunguna. Abin da jami'a take bayarwa digiri ne. Wadda take cewa daga yau wance ta halatta ta riƙe maganin jama'a, hukuma ce da doka ta kafa, mai riƙe da kundin rajista, kuma kusan kowace ƙasa da tata. A Ingila GPhC ce, a Najeriya PCN, a Amurka kowace jiha da hukumarta. Wanda sunansa ba ya cikin wannan kundi, ko digiri uku ya tara, doka ba ta san shi a matsayin famasis, wato mai harhaɗa magunguna, ba, idan kuma ya yi aikin yana iya fuskantar hukunci.

Shi ya sa duk mai irin wannan tambaya shawara ɗaya nake ba shi: ya fara lissafi daga ƙarshe. Ki tambayi kanki a wace ƙasa kike son yin aiki, ki nemo hukumar da ke yin rajista a can, ki karanta sharuɗɗanta, sannan ki dawo ki zaɓi makaranta. Akasarin waɗanda suka sha wuya a wannan hanya sun juya abin ne. Sun samu gurbin karatu, murna ta ɗebe su, sai bayan shekara biyar suka gano hukuma ba ta amince da kwas ɗin ba. Sharuɗɗan kuwa, duk bambancin ƙasashe, ba sa wuce huɗu: digiri daga makarantar da hukumar ta tantance, horo a ƙarƙashin famasis mai lasisi, jarrabawar hukuma, sai rajista wadda ake sabuntawa lokaci zuwa lokaci. Inda aka rabu shi ne tsawon kowane mataki da sunan da aka laƙaba wa digirin.

A Amurka babu B.Pharm ga sabon shiga. Ƙungiyar makarantun famasi ta ƙasar ta kaɗa ƙuri'a a 1992 cewa PharmD ya zama shi kaɗai ne ƙofar shiga sana'ar, hukumar tantancewa ta ACPE kuma ta fara aiki da hakan daga 2000. Ɗalibi yakan yi aƙalla shekara 2 a jami'a yana share fage da kemistiri da bayoloji da lissafi, da yawa ma sai sun kammala digirin farko, sannan ya shiga PharmD na shekara 4. Shekarar ƙarshe kusan dukkanta a asibiti da kantin magani ake yin ta, aƙalla awa 1,440 na horo. Daga nan sai jarrabawar lasisi ta NAPLEX da ta dokokin magani ta jihar da mutum zai yi aiki. Idan kin ci karo da tsofaffin bayanai masu maganar jarrabawar shiga ta PCAT, ki wuce su, an daina ta tun farkon 2024.

Ingila ta bi wata hanya dabam. Daga sakandare kai tsaye ake shiga MPharm, shekara 4. Kada sunan ya ruɗe ki, ko da yake yana ɗauke da sunan digiri na biyu, shi ne digirin farko na ɗan famasi a can. Bayansa akwai horo na mako 52, sannan jarrabawar GPhC mai kashi biyu, ɗaya daga ciki lissafi ne zalla. Dole a ci kashi biyun a zama ɗaya, kuma sau uku kacal ake ba mutum dama. Sun kuma yi wani babban sauyi: ƙa'idojin da suka fitar a 2021 sun tsara cewa daga 2026 sababbin masu rajista da suka bi sabon tsarin za su fito da ikon rubuta wa majiyyaci magani da kansu. Wannan abu ne da a da sai famasis ya yi shekaru yana aiki, ya sake komawa kwas, kafin ya samu.

Tarayyar Turai ta kafa mafi ƙarancin shekara 5, a ciki har da wata 6 na horo a kantin magani ko asibiti. Jamus tana yin shekara 4 a jami'a da shekara 1 ta aiki, da jarrabawar gwamnati hawa uku. Faransa shekara 6 ce ga mai nufin kanti ko masana'anta, 9 ko fiye ga wanda ya ci gasar shiga horon asibiti, kuma kowa sai ya rubuta kundin bincike ya kare shi kafin a ba shi digirin dakta na gwamnati. Shekarar farko a can ita ce rariya, domin kaɗan ne suke haye ta. Ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci sun gaji wannan tsari, kuma Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar ta daɗe tana yaye masu harhaɗa magunguna ga ƙasashen yankin.

Najeriya tana tsakiyar sauyi. B.Pharm na shekara 5 shi ne aka daɗe da sani. Jami'ar Benin ce ta fara PharmD na shekara 6, hukumar jami'o'i ta NUC ta amince da shi a 2016, jami'o'i kuma suna ta komawa kansa ɗaya bayan ɗaya. Ana shiga da kiredit biyar a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, da jarrabawar JAMB a Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji. Bayan digiri akwai rantsuwa da rajistar wucin gadi, horo na wata 12 a wurin da PCN ta amince da shi, jarrabawar PEP ta hukumar, sannan cikakkiyar rajista. Ghana ta riga ta koma PharmD na shekara 6, Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi ta fara shi a 2012.

Indiya ita ce ta fi rikita baƙo, kuma ɗalibai da yawa suna zuwa can, don haka ki natsu a nan. Suna da difloma ta shekara 2, B.Pharm na shekara 4, da Pharm.D na shekara 6 wanda aka ɓullo da shi a 2008. Dokarsu ta 1948 ta ba ko mai diflomar damar yin rajista a matsayin famasis a cikin Indiya. Wannan dama tasu ce, a cikin gidansu. Mai diflomar Indiya ba zai ɗauke ta ya kai Ingila ko Amurka ko Najeriya a karɓe shi a matsayin famasis ba.

Idan kika haɗa duka, daga ranar da kika bar sakandare zuwa ranar da za ki riƙe lasisi, ki sa a ranki shekara 5 zuwa 8. In ban da diflomar Indiya, duk wanda ya ce miki akwai hanyar shekara 2 ko 3, ko dai wata sana'ar yake nufi, ko yana son kuɗinki.

Za ki iya tambaya me ya sa karatun yake ta ƙara tsawo. Sana'ar tsohuwa ce. Tun zamanin Abbasiyawa akwai shagunan magani masu zaman kansu a Bagadaza, muhtasibi, wato mai sa ido kan kasuwa, yana zagayawa yana duba ingancin kayansu, a ƙarni na 13 kuma Sarki Frederick na Biyu ya kafa dokar da ta raba aikin likita da na mai haɗa magani a masarautarsa ta Sisili. Ɗaruruwan shekaru aikin na hannu ne: a daka, a tace, a auna, a haɗa. A ƙarni na 20 masana'antu suka karɓe wannan aiki kusan gaba ɗaya, magani ya riƙa zuwa a shirye cikin kwali. Sai aka wayi gari mutumin da ya yi shekaru yana karatu ya koma ƙirga ƙwaya yana zubawa a leda. A daidai lokacin kuma magungunan suna ƙara yawa, suna ƙara ƙarfi, majiyyaci ɗaya yana shan kala bakwai ko takwas, babu mai lura da yadda suke karo da juna. Daga shekarun 1960 masu famasi a Amurka suka fara fitowa daga ɗakin magani suna bin likitoci zagayen marasa lafiya. A 1990 Hepler da Strand suka fitar da maƙalar da ta tsaya a kan cewa alhakin famasis ba ya ƙarewa a miƙa magani, yana da hannu a sakamakon da majiyyaci ya samu. PharmD ɗan wannan tunani ne. Shekarar da aka ƙara ba don ado ba ce, ta zaman asibiti ce.

To me ake karantawa? Shekarar farko da ta biyu kimiyya ce ta tushe, da sanin sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki, da bayokemistiri. Daga nan sai ginshiƙan sana'ar. Akwai ilimin sarrafa magani, wato yadda ake mayar da sinadari ƙwaya ko ruwa ko allura ko man shafawa. A nan za ki gane me ya sa ake lulluɓe wata ƙwaya don kada ta narke sai ta wuce ciki ta isa hanji, da me ya sa farfasa ƙwayar da aka tsara ta riƙa sakin magani a hankali yake iya zuba wa mutum maganin yini guda a lokaci ɗaya. Akwai kemistirin magani, inda ake koyon yadda ginin sinadari yake da alaƙa da aikinsa, da yadda ake gwada magani a tabbatar abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki. Akwai famakoloji, abin da magani yake yi wa jiki da abin da jiki yake yi wa magani. Akwai ilimin magungunan da ake samu daga tsirrai da sauran halittu, wanda wasu ɗalibai suke raina wa, alhali mofin daga tsiro ya fito, kwinin daga ɓawon itace, atemisinin ɗin da ake maganin zazzaɓin cizon sauro da shi a yau kuma daga ganye, kuma shi ya kai Tu Youyou ga kyautar Nobel a 2015. Sai ilimin ƙwayoyin cuta, dokokin magani, da kula da majiyyaci, wanda shi ne yake ɗaure sauran wuri guda.

Bari in ba ki ɗanɗanon wannan na ƙarshen, don ki ga irin tunanin da ake son ginawa. Mace tana shan ƙwayar tazarar haihuwa, sai aka gano tana da tarin fuka aka sa mata rifamfisin. Rifamfisin yana zaburar da hanta ta riƙa rusa wasu magunguna da sauri, ƙwayar tazarar tana cikinsu, don haka tana iya ɗaukar ciki tana tsaka da shan magani. Haka yake raunana wafarin, maganin tsinka jini. Ko tsoho mai raunin ƙoda da aka rubuta wa jentamaisin da awon saurayi lafiyayye: maganin ta ƙoda yake fita, idan ya taru yana ƙara lalata ƙodar, yana kuma iya taɓa ji. Ko metotireset, wanda mai ciwon gaɓoɓi yake sha sau ɗaya a mako, amma kuskuren rubutu ko na fahimta ya sa aka sha kullum, kuma hakan ya kashe mutane a ƙasashe da dama. A duk waɗannan, famasis shi ne ido na ƙarshe kafin maganin ya shiga bakin mutum. Sanin kuskuren ma rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne ki iya ɗaga waya ki gaya wa likitan da ya girme ki da shekara ashirin, cikin ladabi da hujja, cewa wannan awon bai dace ba.

Sai lissafi, wanda nake son ki ɗauke shi da gaske tun yanzu. Ba lissafi ne mai zurfi ba, amma ba ya yafe ganganci. Yaro mai nauyin kilo 12 za a ba shi farasitamol, miligiram 15 a kowane kilo, ya kama miligiram 180. Maganin ruwan yana da miligiram 120 a cikin kowane mililita 5, don haka za a ba shi mililita 7.5. Abu ne da ɗan aji uku na sakandare zai iya. Amma ɗigo ɗaya ya gusa daga wurinsa, an ba yaro ninki goma. Dalilin da ya sa Ingila ta ware wa lissafi takarda guda ke nan a jarrabawarta. A ganina ɗalibin da yake da natsuwa da maimaita dubawa ya fi dacewa da wannan sana'a a kan haziƙin da yake da gaggawa. Haka kuma wadda take ƙin kemistiri ta sake tunani, domin zai bi ta tun daga shekarar farko har ta ƙarshe.

Ga wata magana a gefe. Da yawa suna shigowa famasi ne don ba su samu likitanci ba, su yi shekara biyu suna leƙen ajin da suka rasa. Wasu daga baya sukan so abin, wasu kuwa har su gama ransu ba ya ciki, kuma ana gani a aikinsu. Famasi ba ƙaramin likitanci ba ne. Likita ya fi ki sanin gano cuta, ke kin fi shi sanin magani, kowa da fagensa. Harafin D da ke cikin PharmD ma bai mayar da ke likitar asibiti ba, kuma ba PhD ba ne. PharmD digirin sana'a ne, PhD na bincike ne, mai son koyarwa a jami'a ko jagorantar bincike yakan buƙaci na biyun ko da yana da na farkon.

Tsakanin B.Pharm da PharmD, idan ƙasarki tana karɓar duka biyun kuma kina da zaɓi, ni PharmD zan ce, domin can duniya ta dosa. Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai makarantun da suka sauya suna suka ƙara shekara, ba su ƙara komai a ciki ba. PharmD ba tare da asibitin koyarwa ba, ba tare da malaman da su kansu suke ganin marasa lafiya ba, B.Pharm ne da aka ja shi ya yi tsawo. Kafin ki zaɓa ki tambayi ɗaliban ajin ƙarshe: wata nawa suka yi a ɗakin marasa lafiya, wa yake duba su a can, kuma a ɗakin gwaji su suke taɓa kayan da hannunsu ko kallo suke yi? Amsarsu ta fi abin da ke cikin takardar tallar makaranta. Mai B.Pharm daga makaranta mai kyau bai yi asara ba, kuma jami'o'i da dama suna da shirin da masu B.Pharm suke komawa su cike su samu PharmD.

Yanzu batun yayanki. Abin da aka gaya masa ba daidai ba ne, kuma kuskure ne da ya ci wa mutane da yawa shekaru. Famakoloji reshe ɗaya ne daga cikin abin da famasis yake karantawa. Mai digiri na biyu ko ma na uku a famakoloji masanin kimiyya ne, yana iya bincike, yana iya koyarwa, yana iya aiki a kamfanin magani, wani lokaci ma shi yake koyar da ɗaliban famasi. Amma wannan digiri ba ya kai shi kundin rajista, ba zai riƙe kantin magani da sunansa ba, ba zai zama famasis na asibiti ba. Idan lasisin yake so, dole ya bi ta digirin da hukuma ta amince da shi. Abin da digirinsa na bayokemistiri zai yi masa shi ne rage hanya, gwargwadon ƙasa. A Amurka yana da kyakkyawan matsayi, tunda dama bayan share fage ake shiga PharmD, sai dai ya cike darussan da ya rasa ya yi shekara 4. A Ostireliya akwai digiri na biyu na famasi na kimanin shekara 2 da aka tsara musamman don masu digirin kimiyya, wanda hukuma ta amince da shi, sai shekarar horo ta biyo baya. A Najeriya yakan nemi shiga kai tsaye zuwa aji biyu. A Ingila kuwa MPharm ɗin zai yi. Kafin ya yanke shawara ya zauna ya tambayi kansa ainihin abin da yake so. Idan ɗakin bincike ne ko sashen tabbatar da inganci a masana'anta, wataƙila ba ya buƙatar lasisin ma, digiri na biyun ya ishe shi.

Difloma kuma, wadda aka ce miki ta fi sauƙi. In ban da irin Indiya da na ambata, difloma a mafi yawan ƙasashe tana fitar da mataimakin famasis ne, wato tekinishiyan. Sana'a ce mai mutunci, babu asibitin da zai tafi daidai ba tare da su ba, kuma gogaggen tekinishiyan yakan koya wa sabon famasis abubuwa da yawa a watanninsa na farko. Amma rajistarsa dabam, iyakar aikinsa dabam, a ƙarƙashin kulawar famasis yake aiki, kuma shekarun aiki ba sa mayar da shi famasis komai yawansu. Wasu jami'o'i suna la'akari da diflomar wajen ba da gurbi, wasu ba sa kallonta sam. Idan halin rayuwa ya sa dole ki fara da ita don ki samu abin dogaro, babu laifi, amma ki tabbatar tun kafin ki shiga cewa akwai jami'ar da za ta karɓe ta. Idan kuwa makin jarrabawa ne bai kai ba, sau da yawa sake zama shekara ɗaya ya fi zagayen shekara uku. Sayar da magani a ƙaramin kanti da izinin sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita shi ma wani abu ne dabam, ba mataki ba ne a wannan tsani. Digirin famasi na intanet zalla kuwa, wanda babu ɗakin gwaji babu asibiti, ki guje shi.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce tsallaka iyaka. Lasisi ba ya bin mutum zuwa wata ƙasa, sai inda ƙasashe suka yi yarjejeniya, kamar tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai. A sauran wurare sai an sake tantance ki. Amurka tana da shirin FPGEC: a duba takardunki, ki ci jarrabawar FPGEE da ta Turanci ta TOEFL, sannan ki yi awannin horo da jiha ta gindaya, ki zauna NAPLEX da jarrabawar doka kamar kowa. A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Duk wanda ya kammala daga 1 ga Janairun 2003 zuwa yau, sai digirinsa ya kasance na aƙalla shekara 5 kafin su saurare shi. Mai B.Pharm na shekara 4 ya tsaya ke nan a bakin ƙofa. Ingila tana da kwas na shekara 1 mai suna OSPAP ga waɗanda suka yi karatu a waje, sai horon mako 52 da jarrabawar GPhC. Kanada tana da jarrabawoyin hukumar PEBC, ciki har da ta aikace inda ake sa ki gaban wanda yake kwaikwayon majiyyaci ana kallon yadda za ki yi da shi. Najeriya ma ɗan ƙasa da ya karanto a waje sai ya bi shirin PCN na waɗanda suka yi karatu a ƙetare, ya ci jarrabawarsa, kafin ya shiga horon wata 12. Waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa, don haka shafin hukumar da kansa za ki riƙa dubawa, ba maganar dillalin makaranta ba. Dillali ladansa yana kan shigarki makarantar, ba kan samun lasisinki ba.

Bayan lasisi hanya takan rabu. Mafi yawa suna kantin magani na cikin al'umma, inda famasis yake zama ma'aikacin lafiyar da ya fi sauƙin samu, babu layin kati babu alƙawarin ganawa. Wasu suna asibiti, kuma mai son ƙwarewa a fanni guda, kamar ciwon daji ko yara ko ɗakin kulawa ta musamman, yakan ƙara horo: a Amurka shekara 1 ko 2 na zaman asibiti, a Afirka ta Yamma shirin kwalejin ƙwararrun masu harhaɗa magunguna ta yankin. Wasu suna masana'anta, wasu suna hukumomin sa ido, kuma waɗannan biyun ɗalibai ba su cika tunaninsu ba alhali rayuka da yawa sun rataya a kansu. A 1937 wani maganin ruwa da aka narkar a cikin sinadarin dayetilin gilaikol ya kashe mutum fiye da 100 a Amurka, abin da ya haifar da dokar 1938 mai tilasta gwada lafiyar magani kafin a sayar. Irin wannan gubar ce ta kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009 ta hanyar maganin haƙori, ta kuma kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022 ta hanyar maganin tari da mura. Gwajin da zai gano ta sananne ne, kuma a ajin kemistirin magani ake koyon irinsa. Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 ta yi yaƙi da jabun magunguna, famasi ta karanta.

Abu na ƙarshe, wanda ba a cika gaya wa ɗalibai ba sai sun makara: takardu. Tun daga shekarar farko ki riƙa adana kundin manhajar makarantarku mai nuna darussa da awannin kowanne, da littafin da ake sa miki hannu a wuraren horo, da sakamakon kowane zango. Ki tabbatar sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a takardar sakandare, digiri, fasfo da rajista, domin harafi ɗaya da ya bambanta yana iya tsayar da takardunki watanni. Idan kin gama, ki yi rajista a ƙasar da kika yi karatu matuƙar doka ta ba ki dama, ko da ba ki da niyyar zama a can, saboda hukumomi da yawa, har da ta Amurka, suna tambayar shaidar cewa kina da lasisi a wata ƙasa kafin su duba ki. Kuma galibi ba daga hannunki suke karɓar waɗannan takardu ba, sai jami'ar da hukumar sun aika musu kai tsaye.